Bernice da Hoton Uwarta

Bango ɗaya ne ya raba shagon ɗinkina da kantin maganin da Bernice take tsaro a Ikara, bangon ma rabinsa falanki ne, ko tari ta yi ina ji. Don haka abin da zan faɗa a kanta ba a bakin wani na tsinta ba. A gabana aka yi yawancinsa.

Bernice 'yar Malikanchi ce, ita ce auta a ɗakinsu. Mutanen ƙauye ba sa wahalar da harshensu, Banis suke ce mata, uwarta kuwa Auta kawai take kiranta. Hausawa ne gaba da baya, kakanta ne ya karɓi addinin Kirista tun kafin a haifi mahaifinta. Tana firamare uban ya rasu, ciwon hanta ne ya ɗauke shi. Uwar, Inna Rifkatu, da daddawa ta riƙe gidan. Duk mai cin kasuwar Makarfi ya san rumfarta, don tun daga nesa ƙamshin yake yi wa mutum jagora. Da wannan daddawar aka koya wa Irmiya, yayan Bernice, aikin kafinta, da ita aka kai Bernice makarantar kiwon lafiya a Makarfi.

A can ne ta saba da intanet. Akwai wani shagon kwamfuta kusa da tasha, nan ta buɗe abin da ake kira bulog, wato shafin mutum shi kaɗai, inda yake rubuta abin da ransa yake so, duk mai sha'awa ya leƙo ya karanta. Ta sa masa suna Bakin Murhu. Ba siyasa take yi ba, ba wa'azi ba. Rubutu take yi a kan yadda ake yanka tumatir a shanya shi ya zama kauɗa, da yadda matan Malikanchi suke yi wa juna habaici a bakin rijiya, da tuwon shinkafar da suke aika wa maƙwabta ranar Kirsimeti da naman da yake dawo musu ranar layya. Da Hausa take yi, irin ta gida. In ta gama sai ta leƙo ta ce, “Samira, tsayar da keken nan ki ji.” Ni kuma in tsaya in saurara, wani lokaci in ce mata wannan karin maganar ba haka ake faɗarsa ba, mu yi ta musu.

Masu karanta ta ba su da yawa. Akwai wani soja ɗan ƙauyen Furana da yake aiki a can gabas, akwai wata nas a Fatakwal, da 'yan makaranta na Zariya da kewar gida take damu. Bernice ba ta taɓa neman fiye da haka ba. Ta yi shekaru tana abinta, ba wanda ta taka.

Sai wata bazara Irmiya ya ce jinkar ɗakin Inna ta gaji, zai sa mata kwano kafin ruwa ya sauka. Ya yaye rufin, aka bar bango tsaye, bangon kuma baƙi ƙirin ne saboda hayaƙin shekara da shekaru. A ranar ne Bernice ta je gida ta tarar Inna ta ɗora tukunyar kalwa, itacen ɗanye, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Tsohuwa tana zaune a kan kifaffen turmi tana share ido da haɓar zani, tana faɗa wa wanda ya saro itacen magana. Bernice ta ɗauke ta a waya. Da ta nuna mata ta tambaya ko ta sa a intanet, Inna ta yi dariya ta ce, “Sa mana, su ga yadda ake shan wuya kafin miyarsu ta yi daɗi.” Ta sa hoton a shafinta, ta yi rubutu mai daɗi a kan dafa kalwa, aka karanta, aka yaba, magana ta wuce.

Damina ta yi nisa, wata rana da hantsi wata mata ta zo gwada riga a shagona. Tana jira ina kama mata hannu sai ta miƙo min wayarta.

“Ke dai dubi wannan abin tausayi. Duniya ina za ki da mu?”

Na duba, sai ga Inna Rifkatu a kan turminta. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa wannan baiwar Allah Hajiya wance ce, an ƙona mata gida a wani rikici, 'ya'yanta sun gudu sun bar ta, ba ta da ko abin da za ta sa a baki. Daga ƙasa ga lambar asusun banki da lambar waya. Wani babban shafi ne na Fesbuk, mai mabiya kamar ƙasa.

Na buga falankin nan na ce, “Bernice, zo maza!”

Ta shigo da robar ƙirga ƙwaya a hannunta. Ta karɓi wayar ta duba, ta sake dubawa, ta zauna a kan tulin atamfofin mutane ba ta ma sani ba. Matar nan tana ta tambaya, “Lafiya? Kin san ta ne?” Bernice ta ce, “Uwata ce. Shekaranjiya na ci tuwo a ɗakin nan.”

Kafin la'asar muka gano abin ya fi haka. Wani shafin daban, mai rubutu da Turanci, shi ma ya ɗauki hoton. A can kuma Inna ta zama matar coci da aka kashe wa miji aka ƙona wa gida. Shi ma da tasa lambar asusun. Tsohuwa ɗaya, ɗankwali ɗaya, kowa ya sa mata addinin da zai fi kawo masa kasuwa. A ƙarƙashin wannan ana tsine wa Kiristoci, a ƙarƙashin wancan ana tsine wa Musulmi. Ina zaune ina karanta yadda ake zagin addinina da hoton matar da take aiko min da daddawa kyauta duk sallah, Bernice tana gefena tana karanta yadda ake zagin nata da fuskar uwar da ta haife ta.

Ta rubuta musu cikin ladabi. Ta ce ita ce ta ɗauki hoton, ba wuta ba ce, hayaƙin kalwa ne, ɗakin ma yanzu yana da kwano, ga adireshin shafinta duk mai shakka ya je ya gani. A shafin farko wani ya ba ta amsa, “Wace Bahaushiya ce ake ce wa Bernice? Je ki yi wa wasu ƙarya.” A na biyu aka ce an saye ta ne don ta rufe gaskiya. Wata kuwa cewa ta yi, in har da gaske uwarta ce to Allah ya isa, ga ta da waya mai tsada uwa tana kwana a kango. Kan ka ce kwabo duka shafukan sun toshe ta, aka goge abin da ta rubuta, aka bar zagin.

Sai ta kira lambar da ke shafin farko, ta buɗe murya don in ji. Wani ya ɗauka, ya ce sunansa Maiwada, Allah kaɗai ya san ko sunan nasa ne.

“Malam, hoton tsohuwar da ka sa, uwata ce. Lafiyarta ƙalau, ba abin da ya sami gidanta. Don Allah ka cire.”

“Hajiya, ai mu taimako muke yi.”

“Wa kake taimaka wa? Ka san garinsu? Faɗa min sunan garin.”

Ya yi wata 'yar dariya. “Abin da aka sa a intanet ai na kowa ne. In ba kya so a ɗauka me ya sa kika sa?”

Ya kashe. Da ta sake kira ba ta shiga ba.

Na ɗauka nan ne ƙarshen baƙin cikin, ashe gida yana jiranta. Labari ya riga ya shiga wayoyin 'yan'uwa na nesa. Ƙanen mahaifinsu da ke Legas ya kira Irmiya yana kuka yana zaginsa, wai yaya za a yi su wulaƙanta matar wansa haka. Wasu mata suka tako da ƙafa daga Furana don yin jaje, suka tarar da Inna tana tsince kalwa a inuwar sabon kwano. Ta ba su ruwa, suka sha, suka kama hanyar gida.

Washegari Irmiya ya zo Ikara a kan babur, ko gaisuwa bai tsaya mun gama ba.

“Kin ga abin da kika jawo mana? Kin ɗauki tsohuwa kin kai ta kasuwar duniya!”

“Yaya, sata aka yi min. Ni aka cuta.”

“Da kin bar ta a tsakar gidanta wa zai sace ta? Ni da na hau sama na buga kwanon nan da hannuna, yau ni ake ce wa na gudu na bar uwata!”

Na sa baki na ce, “Haba Malam Irmiya, ɓarawon fa?” Ya ce shi bai san ɓarawo ba, ƙanwarsa ya sani. Ran Lahadi kuma wasu dattawan garinsu suka zaunar da ita bayan sujada, suka yi mata dogon faɗa a kan 'ya mace da yawan latsa waya. A cikinsu babu wanda ya tambayi sunan shafin da ya yi ƙaryar. An bar jaki ana dukan taiki, kuma taikin ba shi da bakin da zai ce wa manya a'a. Ta dawo ranar Litinin idonta a kumbure, ta buɗe kanti ta ci gaba da ba mutane magani kamar ba komai.

Ita kuwa Inna, da Bernice ta karanta mata abin da aka rubuta, sai ta ce, “Zancen wuta bai dame ni ba, Auta, ga ɗaki nan kowa na gani. Amma a ce 'ya'yana sun gudu sun bar ni?” Duk da haka ranar kasuwa ta ɗauki kayanta ta tafi Makarfi. Tana zaune a rumfarta sai wani mutum mai farar riga ya tsaya ya ƙura mata ido, ya duba wayarsa, ya sake kallonta, ya dunƙule kuɗi ya tura mata a hannu yana cewa Allah ya kawo sauƙi, Baba. Matar da ta binne miji ta raini 'ya'ya ba ta taɓa miƙa hannu ga kowa ba. Ta ajiye masa kuɗinsa a kan tire, ta ɗaure kayanta tun rana ba ta yi tsaka ba, ta koma gida. Daga ranar ta daina zuwa kasuwa. Ana cewa ƙarya fure take yi ba ta 'ya'ya. Wanda ya faɗi haka bai ga wannan ba, don har jikoki ta yi.

Wadda ta kawo ɗauki ba 'yar boko ba ce, ba kuma wata mai muƙami ba. Hussaina ce, mai tuwo-tuwo a Kudan, wadda ta daɗe tana sayen daddawa a wurin Inna. Kasuwa ta ci, ta sake ci, ba ta gan ta ba, miyarta ta fara canza ɗanɗano, masu ciniki suka fara ƙorafi. Ta yi tambaya aka ba ta labari. Sai ta hau mota, ta sauka ta hau acaɓa, har ƙofar gidan Inna a Malikanchi. Ta zagaya ɗakin, ta ƙwanƙwasa kwanon da sanda, sannan ta fito da wayarta. Hussaina ba ta iya rubutun waya sosai ba, murya take aikawa. Na ji saƙon daga baya, don har wayata ya iso:

“Jama'a, Hussaina ce mai tuwo ta Kudan, kun san ni. Ga ni a gidan Inna Rifkatu mai daddawa. Na rantse da Allah ba abin da ya ci wuta a nan sai itace. Ga ɗanta can yana fere katako, 'yarta tana aiki a Ikara. Duk wanda ya tura hoton nan ya tura ƙarya, kuma zai amsa tambaya. In kuna son taimakonta ku zo ku sayi daddawa.”

Saƙon bai je Legas ba, bai taɓa manyan shafukan nan ba, ko a jikinsu. Amma tsakanin Ikara da Makarfi da Kudan ya zagaya, kuma an yarda da shi, don direbobi da 'yan kasuwa da masu saran rake duk sun ci tuwon Hussaina, sun san muryarta, sun san ba ta rantsuwar banza. Ita ce ta je da kanta ta ɗauko Inna ranar kasuwa, ta zauna kusa da ita a rumfa tana harare-harare, ko wani zai yi gigin kawo sadaka.

Bernice ta daɗe tana juya wannan abu a ranta. Ta ce min, “Na yi rubutu mai tsawo da hujja, ba wanda ya saurare ni. Ita ta yi magana kamar tana kiran yara cin abinci, gari ya ji.”

Wata rana da azahar, kasuwa ta yi sanyi, na ji shiru ya yi yawa a kantinta. Na leƙa na tarar tana cire hotuna daga shafinta, ɗaya bayan ɗaya: matan bakin rijiya, masu yankan tumatir, yaran coci da sababbin kaya.

Na ce, “Me kike yi haka? Ɓarawo ya shiga gida sai ki rushe gidan?”

“Ni ma da na ɗauka gida ne, Samira. Ashe a bakin titi na baje mutanena, kowa ya zo wucewa ya ɗiba.”

“To su ne suka ci riba ke nan. Maiwada yana can yana abinsa, ke kin yi shiru.”

“Wa ya ce miki shiru zan yi?”

Ban yarda da ita ba a ranar, kuma har yanzu ina ganin an yi mata fashin abin da ta gina da hannunta. Amma shafinta ne. Ta bar rubutun, ta kwashe fuskoki, ta rubuta 'yan layuka na sallama: ta gode wa waɗanda suka zauna da ita a bakin murhu, ta ce wuta ta mutu a nan, duk wanda ya san ta ya san inda zai same ta. Nas ɗin nan ta Fatakwal ta yi ta roƙo kada ta rufe. Bernice ta karɓi lambarta kawai.

Ita da Hussaina suka buɗe zaure a Watsaf, suka sa masa suna Mun San Juna. Dokokinsa kaɗan ne, kuma Bernice ba ta wasa da su. Ba a shigo da mutum sai wani na ciki ya tsaya masa, ya faɗi garinsu da gidansu. Ba a sa hoton kowa sai da izininsa. Labarin da aka turo daga wani wuri, in ba ka gani da idonka ba, ka riƙe abinka. Yawanci da murya ake magana, don haka tsofaffin da ba su yi boko ba suka fi kowa baki a ciki.

Abin da ake yi a zauren ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Wani zai ce tsutsa ta faɗa wa tumatirinsa, a ba shi shawara iri-iri har ya rasa wadda zai ɗauka. Wata za ta nemi mai zuwa Zariya ya karɓo mata saƙo. Da matar wani ɗan Furana ta zubar da jini wajen haihuwa, a nan aka yi shela, samari daga Makarfi suka je suka bayar, ba wanda ya tambayi wani inda yake ibada. Duk ranar Asabar Bernice tana ɗora murya ta ba da labari irin wanda take rubutawa da, a yi ta yi mata gyara, ita ma tana mayar da martani. Sojan nan da nas ɗin duk suna ciki.

Hoton bai mutu ba. Duk lokacin da wani abu ya tashi a wani gari sai ya sake fitowa da sabon suna. Sau ɗaya ma wani malamin makaranta ya turo shi cikin zauren yana neman a yi addu'a, bai ko duba fuskar ba. Bernice ta cire malamin daga zauren nan take, sai da ya je har Malikanchi ya ba Inna haƙuri aka mayar da shi. Irmiya ya shigo daga baya, Hussaina ce ta tsaya masa, yana samun aikin ƙofa da taga a ciki sosai. Har yau bai ce wa ƙanwarsa ta yi haƙuri ba. Dattawan nan ma haka. Ita ta bar maganar, ni ce ban bari ba.

Bara da kaka 'yar Hussaina ta haihu, aka gayyaci zaure gaba ɗaya suna a Kudan. Ranar ce yawancinmu muka fara ganin juna. Sai ka ji an yi sallama ka ce, af, wannan ai mai akuyar da ta ɓata ne. Muna zaune a rumfa Bernice ta ɗaga murya tana ce wa wata kada ta ba jariri ruwa, sai wani tsoho mai noman rake, Malam Safiyanu, ya juyo da sauri.

“Tsaya, tsaya. Ke ce Banis?”

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ita ce.

Ya dube ta sama da ƙasa, ya riƙe baki. “Ikon Allah. Yadda kike kora mutane a zauren nan na ɗauka wata ƙatuwar tsohuwa ce. Ashe 'yar firit ce haka!”

Aka yi ta dariya. Da za mu tafi ya sa aka kawo mata damin rake, dogaye, ya ce ba ta isa ta ƙi ba. Muka ja shi da ƙyar har tasha. Direba ya ce raken nan ba zai shiga motarsa ba sai an sare shi biyu, Bernice ta ce kyautar dattijo ce, ba mai sa mata adda. Suka yi ta ja-in-ja har fasinjoji suka fara tsaki, daga ƙarshe aka zura shi ta taga, muka taho Ikara ganyen yana kaɗa mana a fuska.